Tukunyar Kakar Dorin

Tun da na dawo daga Kanada ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a Islamiyyar mata a tambaye ni, har cikin motar haya ta trotro wata da ban ma gane ta ba ta dafa kafaɗata ta ce, "Hajiya, ashe ke ce kika je ƙasar ƙanƙara?" Masu kawo ɗinki shagona na Dichemso a nan Kumasi kuwa, da an gama awo sai su gyara zama. Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakina. Shekaranjiya na ji kaina ina cewa ƙanƙara ta kai min wuya, alhali iyakarta gwiwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, kafin in zama maƙaryaciya da tsufana.

'Yata Hadiza ce ta haihu, haihuwar fari. Ita da mijinta Basiru suna zaune a wani gari can tsakiyar Kanada, shi yana aikin gwajin jini a asibiti, ita tana karatun digiri na uku. Ba su da babba ko ɗaya a kusa, sai suka nema min takardu in je in yi mata wankan jego.

Na bar gidanmu na Asokore Mampong da jaka biyu, kuma duk ɗayar kayan miya ce. Motar Akra ba ta gama wuce Oforikrom ba wani mai wa'azin Kirista ya miƙe ya yi mana addu'a da yaren Twi, muka ce amin gaba ɗaya, don hanyar ta kowa ce. Yana zama mai magani ya tashi da kwalba guda wadda ke warkar da basir da ciwon baya da rashin miji. A Nkawkaw na sayi burodi ta taga, na ce guzurin jirgi ne, ban san a jirgin za a yi ta cusa mana abinci kamar masu jinya ba.

Mun sauka a wata ƙasar Turai don canjin jirgi. A nan na yi karo da matattakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a bakinta ina karanto addu'a, layi ya taru a bayana, sai na ji an ce, "Hajiya, kawo jakar, ki sa ƙafar dama kawai." Wani Bazabarme ne ɗan kasuwa mai sarin takalma. Hausa a wannan wuri ta fi min ruwan sanyi daɗi. Bai rabu da ni ba sai da ya kai ni ƙofar jirgina.

A bakin shiga Kanada wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe. Jami'ar mace ce mai fara'a. Na yi midil sukul, Turancina na Ghana yana nan daram, don haka muka fahimci juna. Ta ciro shito, soyayyen yajinmu na Ghana, da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ajiye gefe. Ta kwance daddawa ta shinshina, ta ja baya da sauri.

"Wannan ci ake yi?"

Na ce, "Ba a miya sai da ita."

Ta tambayi wani abokin aikinta, suka duba cikin na'ura, aka bar min daddawata. Amma kilishin da na sa aka yi wa Basiru musamman a Aboabo, ta ce nama ba ya shiga. Ta yi ta ba ni haƙuri. Karen nan yana kaɗa jela har na bar wurin, kuma har yau ina zarginsa.

Sanyin ƙasar kuwa, kun san ɗakin sanyi na masu sayar da kifi? To, a kulle mutum a ciki, a ce nan ne waje. Basiru ya tarye ni da wata rigar da ta mai da ni kamar buhun gawayi. A hanya na yi ta duban mutane ban ga kowa ba. Babu mai talla, babu mai koko da ƙosai a bakin titi, ko akuya babu.

Gidansu a hawa na uku yake, cikin wani dogon gini mai ƙofofi a jere. Na rungumi jikana, na yi kukana na gode wa Allah. Amma shirun gidan ya dame ni. Mu a unguwarmu ta Zango kafin ki kai bakin famfo kin gaisa da mutum goma, kin ji wanda ya kwana da zazzaɓi da wadda mijinta ya dawo. Can kuwa na yi wa wani saurayi ina kwana a cikin lif mai hawa da mutane bene, ya cire abin kunnensa a firgice ya ce me ya faru.

Wankan jego muka yi shi cikin farin bahon Bature, babu ganyen darbejiya, sai ruwan zafi da tawul. Kunun kanwa dai na dama shi yadda uwata ta koya min. Wata safiya bayan wanka na ce ɗakin mai jego ba ya zama babu turare. Na kunna gawayin da na zo da shi, na zuba turaren wuta. Hayaƙi bai gama tashi ba wani abu a silin ya fasa ihu kamar ana yanka shi. Jariri ya ɗauki kuka, Hadiza tana bayan gida tana kiran "Mma! Mma!", ni kuma ina tsaye da kasko a hannu ina salati.

Sai aka turo ƙofa. Wata tsohuwa ce gajera mai ƙiba, da furfura a kitse jela biyu, da ɗankwali mai furanni. Ta fizgi tawul ta yi ta fifita abin silin ɗin har ya yi shiru, ta buɗe taga, sannan ta matso ta sunkuya kan kaskona ta jawo hayaƙin zuwa fuskarta da tafin hannu.

Ta ce, "Naki ya fi nawa ƙamshi. Ni ma haka yake min duk lokacin da na ƙona ganyen addu'a. Sunana Dorin, ƙofar da ke kallon taku."

Haka na yi ƙawa. Dorin 'yar ƙabilar Cree ce, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Da ba ni da labarinsu sam, na ɗauka Kanada tun asali ta Turawa ce. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, yara da manya a ginin suna ce mata Kokum, wato kaka. Washegari ta kawo mana wani soyayyen burodi da suke kira banok, ɗan'uwan fanke ne amma babu sukari. Na rama da tuwon zafi da miyar kuka. Ta ci tana hawayen barkono, ta miƙo kwano a ƙara.

Yanzu bari in gaya muku karatun da Hadiza take yi, don da kuka tambaye ni kafin in tafi ce muku na yi karatun littattafai ne. Tana ba yaro nono tana karanta wasu tsofaffin littattafai da matan Turawa suka rubuta, matan da suka bi mazajensu zuwa ƙasar lokacin da ake raba musu gonaki a kan filayen mutanen Dorin. Abin da take bi shi ne yadda waɗannan mata suka ba da labarin maƙwabtansu 'yan ƙasa.

Na ce, "Au, duk wannan nisan kika yi don ki karanta gulmar matattu?"

Ta yi dariya har yaron ya saki nono. Ta ce, "Mma, gulmar da aka buga a littafi ba ta mutuwa. Da ita aka koyar da yara a makaranta."

Ta riƙa fassara min. Wata duk tsoro ne a littafinta, ko inuwa ta gani a taga ta ɗauka an zo kashe ta. Wata kuma tausayi ya yi mata yawa, tana ta kukan cewa mutanen nan sun kusa ƙarewa daga duniya, kamar ba gonar mijinta ce a kan ƙasarsu ba. Akwai wadda ta yaba kwandunansu da takalman fata da suke ɗinkawa, ta koyi magungunan daji a hannunsu, har ta ce ta sami aminiya a cikinsu, amma daga farkon littafin zuwa ƙarshe ba ta faɗi sunan aminiyar ba. Sai dai kusan dukansu sun haɗu a kan ƙorafi guda: wai mutanen nan ba sa ƙwanƙwasa ƙofa. Sai su shigo su sami wuri su zauna, su yi shiru, a ba su shayi su sha, su tashi su tafi.

Na ce, "To wannan ai mu ne! Da Baturiyar nan ta zauna a Zango da ta rubuta littafi goma."

Akwai littafi ɗaya da ya hana Hadiza sukuni. Wadda ta rubuta shi ta zauna ne a gefen ƙauyen su Dorin, kuma a ciki ta yi dogon bayani kan wata mata da ta riƙa shigo mata gida cikin hunturu. Ta laƙaba mata sunan raini, ta ce ƙazama ce, ta ce tana wuni zaune bakin murhu tana kallonta kamar mayya, kuma wata rana ta ɗauke mata tukunyar ƙarfe ta fita da ita a gaban idonta. Da Hadiza ta nuna wa Dorin wurin, Dorin ta cire tabarau ta goge, ta ce tana jin ta san matar, kakar uwarta ce.

Malaman Hadiza sun ce ba za ta yi rubutu a kan mutane ba sai da yardarsu. Dorin ta shirya mata zama da tsofaffin ƙauyen. Ana gobe tafiya Hadiza ta kasa cin abinci.

"Mma, da bakina zan karanta musu zagin kakarsu fa. In suka ce ba su yarda ba, aikin shekara guda ya zube. Kuma in suka ji haushina, da wane ido zan dubi Kokum?"

Na ce, "Ke kika zage ta? Ki yi sallama, ki gaida manya, ki faɗi abin da ya kawo ki. Ni zan riƙe yaro."

Basiru yana wurin aiki, Dorin ce ta ja mu a tsohuwar motarta. Ban taɓa ganin tsohuwa mai gudu irin nata ba. Hanya miƙe ɗoɗar, fari fat hagu da dama, babu ko tudu, ita kuwa tana tuƙi da hannu ɗaya tana nuna min gonaki da ɗayan. Direbobin Kumasi zuwa Tamale yara ne a gabanta. Na yi ta jan carbi har muka isa.

A wani zauren taro aka karɓe mu. Abin da ya fara burge ni, Hadiza ta ciro taba a ƙulle cikin ƙyalle ta miƙa wa tsofaffin da hannu biyu. Ashe a wurinsu ba a neman ilimi wajen babba hannu sake, kamar yadda mu ba ma zuwa gaban malam ko sarkin Zango babu goro. Tsofaffi aka fara zuba wa abinci, kuma aka sa ni cikinsu. An yi miyar naman wata dabbar daji da ta fi sa girma, mai ƙaho kamar reshen bishiya. Ina tunanin yadda zan ƙi ci ba tare da na ɓata wa kowa ba, sai ga Dorin da farantin soyayyen kifi. Ta ce ta riga ta gaya musu ba na cin abin da ba a yanka da sunan Allah ba. Na ciro kwalbar shito daga jaka, ta zagaya teburin, wani tsoho ya lakata da yawa ya yi ta tari ana masa dariya.

Sannan Hadiza ta miƙe. Ta karanta wurin duka, ba ta tsallake ko kalma ba. Da ta gama, ni dai na ƙura wa jikana ido.

Wata doguwar tsohuwa mai sanda ce ta fara magana, Magret, 'yar ƙanwar uwar Dorin. Tun da muka shigo ba ta yi murmushi ba.

Ta ce, "Baturiyar ta rubuta cewa ciki gare ta a lokacin?"

Hadiza ta ce, "Ta ambaci haihuwa can gaba, Kokum. Ta ce Allah ya taimake ta, kuma wata daga cikinku ta ɗan kama mata."

"Ta ɗan kama mata!" Magret ta buga sanda a ƙasa. "Mijinta ya tafi saran katako ya bar ta ita kaɗai da tsohon ciki. Kakarmu ungozoma ce. Ta ga hayaƙin gidan yana raguwa kullum, ta gane yarinyar ba ta iya saran itace kuma. Shi ya kai ta. Zaman da take yi tana kallonta, cikin take dubawa. Da wane yare za ta yi mata hira? Tukunyar kuma miya ta je ta zubo mata a ciki, don yarinyar ba abin da take ci sai busasshen burodi. Ita ta karɓi haihuwar, ita ta yanke cibi. Wannan labarin ba wanda bai san shi ba a gidanmu. Abin da ba mu sani ba shi ne an sa mu a littafi."

Wani tsoho ya ce shi a ƙone littafin kawai. Dorin ta ce a'a. Ta ce Baturiyar yarinya ce ƙarama da aka raba da uwarta aka kawo ta inda ba ta san kowa ba, kuma sai da ta tsufa ta rubuta littafin, don mutanen ƙasarsu masu son jin labarin ban tsoro. "Ban ce ta kyauta ba. Amma bayan haihuwar ai da hannunta ta ba kakarmu tukunyar."

Magret ta ce, "Ba ta ba ta ba."

"Uwata ta ce ta ba ta."

"Uwarki mai son gyara zance ce. Kakarmu ta jira a sallame ta yadda ake sallamar ungozoma, ta ga Baturiyar ba ta san ana yi ba, sai ta sallami kanta."

Zauren ya fashe da dariya, har Magret ɗin sai da ta rufe baki da hannu. Hadiza ta tambaya a hankali ko an san inda tukunyar ta ƙare. Magret ta ce tana bayan gidanta, gindin ya huje, albasa take shukawa a ciki.

Sun yarda Hadiza ta rubuta, bisa sharaɗi. Za ta sa sunan matar na gaskiya, za ta kawo maganar Dorin da ta Magret duka biyu kan tukunyar, kuma kafin ta miƙa wa malamanta za ta dawo ta karanta musu. Magret ta faɗi sunan da yarensu, ta sa Hadiza ta yi ta maimaitawa har ya zauna a bakinta. Ni harshena ya kasa, amma an ce min ma'anarsa mai fita da sassafe.

Ina murna an gama lafiya, sai Magret ta juyo da sandarta wajena.

"Ke kuma, a can ƙasarku, ku ne masu ƙasa ko zuwa kuka yi?"

Na ce zuwa muka yi. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga arewa, Asantawa suka ba su wurin sauka a gefen gari, shi ne Zango. Ni a nan aka haife ni, a nan aka haifi uwata.

"To me kuke faɗi a kansu in kun rufe ƙofa?"

Na yi dariya, don tambayar ta same ni. Na ce muna cewa sun cika son bikin mutuwa da kiɗa har a kasa barci, su kuma suna cewa mun cika haihuwa da ɗaga murya, kuma kowane ɓangare yana da sunan tsokana da yake kiran ɗayan. Na ce amma ranar da na haifi Hadizan nan, Maame Akosua mai sayar da dokunu, tuwon masara na cikin ganye, a layinmu ita ta cire zanenta ta tare ni a bayan tasi.

Magret ta ce, "Kin ga ke kin san sunanta." Ta tura min sauran kifin gabana.

Sauran kwanakina a can na yi su tsakanin ƙofa biyu. Na ɗinka wa Dorin doguwar riga da atamfar da na zo da ita, a kan wani keken ɗinki nata da ya girme mu duka. Ta koya min banok, na koya mata wake da shinkafa irin namu na Kumasi. Muka yi faɗa sau ɗaya, kan goyo: ta ce zanen zai kwance yaron ya faɗi, na ce na goya biyar ba wanda ya faɗi. Ta yi fushi ta tafi, da la'asar ta dawo ta ce in ɗaura mata shi a baya ta ji yadda yake.

Ranar da zan taho ta shigo ina ɗaure kaya, ta zauna bakin gado.

Ta ce, "In kin koma matan unguwarku za su tambaye ki labarinmu. Me za ki ce musu a kaina?"

Na ce zan ce na sami 'yar'uwa mai kirki, mai haƙuri, mai hannun kyauta.

Ta ɓata fuska. "Haƙuri? Ni? Wannan wata ce daban, ban san ta ba. Ki ce musu ina da saurin fushi. Ki ce 'yan sanda sun san motata. Ki ce ni da Magret ba ma wata guda ba mu yi faɗa ba, kuma a maganar tukunya ni ce mai gaskiya. In za ki ba da labarina ki ba da shi da ni a ciki."

Na yi mata alkawari. To ga shi na cika: Dorin tana da saurin fushi, tana gudu da mota kamar wadda aka biyo, kuma barkono ya fi ƙarfinta amma ba ta yarda. Maganar tukunya kuwa, Allah ya gafarta min, ni dai na fi gaskata Magret.